Tambaya da Amsa: Mu da Larabawa, Wanne ne Sadaka, Wanne ne Bashi?

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri ɗaya suka nufa: abin da ke tsakaninmu da ƙasashen Larabawa. Na tsamo biyar, na rage musu tsawo. Bawan Allahn da ya rubuto daga Maraɗi kan rikicin filin gado ya ƙara haƙuri, sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne, dabino da makaroni da madara nake sayarwa a babbar kasuwar Tawa. Tun ina yaro nake jin ana cewa Saudiyya ta ba Nijar kaza, Kuwaiti ta ba da kaza. Gardama ta kaure a rumfarmu. Wasu na cewa duk sadaka ce don Musulunci, manya ne ke cinyewa. Wasu na cewa bashi ne. Kai da ka yi aiki a wurin, ka raba mana gardama.
Ɗan kasuwa, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka shaida wa ƴan rumfarku cewa masu cewa bashi ne sun fi kusa da gaskiya. Abin da ke rikita mutane, kuɗin ta ƙofa biyu suke shigowa, gidajen rediyo kuma ba su cika bambancewa ba.

Ƙofa ta farko kowa na ganinta: rijiyar ƙauye mai allo da rubutun Larabci, masallacin unguwa, gidan marayu, dabinon azumi, aikin idon da ake yi wa tsofaffi a asibitin Makka na nan Yamai. Wannan sadaka ce, yawancinta daga aljihun masu hali take fitowa, ta hannun ƙungiyoyi irin Qatar Charity, ko Direct Aid ta Kuwaiti wadda marigayi Dakta Abdurrahman As-Sumait ya kafa. Babban masallacin Juma'ar Yamai, wanda har gobe ake ce wa masallacin Gaddafi, da kuɗin Libiya aka gina shi a shekarun 1970. Ba wanda zai zo ya ce a biya shi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta biliyoyin nan da kake ji in minista ya sa hannu a takarda gaban ƴan jarida. A bakin wannan ƙofa na yi aikina har na yi ritaya. Mafi yawansu rance ne daga Asusun Kuwaiti, da na Saudiyya, da na Abu Dabi, da Bankin Musulunci na Jidda, da BADEA, bankin Larabawa na raya tattalin arzikin Afirka. Rance ne mai sauƙi, ban musa ba: ruwa kaɗan, wa'adi mai tsawo da kan kai shekara 20 ko fiye, da ƴan shekarun farko da ba a taɓa uwar kuɗi. Bankin Jidda shi ba ya kiran nasa ruwa. Yakan sayi kaya ya sayar mana da riba, ko ya ba da haya, ko ya karɓi ladan hidima. Ko da wane suna aka kira shi, ranar biya tana zuwa, kuma daga baitulmali ake biya, wato har da kuɗin duwan da ka biya a kan makaroninka. Kai ma, Alhaji, in ka ba abokin sahunka na masallaci buhun dabino bashi, ai sai ka rubuta a littafi.

Tun asali ma ciniki ne ya haifi abin. A Nuwamban 1972 Sarki Faisal ya zagaya ƙasashen Afirka biyar, har da Nijar. A Janairun 1973 gwamnatin Diori Hamani ta yanke hulɗa da Isra'ila. Da yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban wannan shekara ya ɓarke, mafi yawan ƙasashen Afirka suka bi sahu. Larabawa suka ƙulle famfon mai, gangar da ke wajen dalar Amurka 3 ta koma kusan 12 cikin ƴan watanni. Turawa aka nufa da bulalar, amma mu ta fi yi wa rauni: lokacin ba mu da ɗigon mai namu, ga fari ya share dabbobin Azawak, ga kowane buhun taimako sai mota ta ɗauko shi daga bakin teku. Shugabannin Afirka suka roƙi a sayar musu da mai da rahusa, tunda sun tsaya wa Larabawa. Ba su samu ba. Abin da aka ba su shi ne asusun rance na gaggawa da kuma BADEA, wanda taron Aljas na Nuwamban 1973 ya amince a kafa, ya fara aiki a Khartum a 1975.

A Maris na 1977 aka yi taron ƙoli na farko tsakanin Larabawa da Afirka a Alƙahira, aka ce za a riƙa haɗuwa duk bayan shekara 3. Na biyu sai a 2010, a Sirte. Shekara 33! A tsakani Masar ta yi sulhu da Isra'ila an dakatar da ita daga ƙungiyar Larabawa, Libiya ta shiga yaƙi a Cadi, rikicin Yammacin Sahara ya raba kan kowa. A na uku, 2013, Kuwaiti ta yi alkawarin rancen dalar Amurka biliyan 1 cikin shekara 5. A na huɗu, Malabo, 2016, Maroko da Saudiyya da wasu ƙawayensu suka tashi suka bar zauren saboda an ajiye kujerar Polisario, ƙungiyar da ke neman ƴancin Yammacin Sahara daga Maroko.

Saura zancen cinyewa. Kuɗin nan ba a cikin jaka suke zuwa ba. Kamfani ya yi aiki, injiniyan sa ido ya tabbatar, takarda ta tafi Kuwaiti ko Jidda, su biya kamfanin kai tsaye. Mai son ci ba a nan yake ci ba, sai wurin kumbura kwangila, ko diyyar filaye, ko rage kaurin kwalta. Abin da ya fi ci mini rai kuwa ba sata ba ce, jinkiri ne. Kowane aiki akwai kason da gwamnatinmu za ta zuba. Na ga takardar wannan kaso ta kwana a teburin wani ofis damina ta wuce, wata ta zo, kuɗin mutane na ajiye ba a taɓa ba, farashin siminti na hawa. In kuma muka yi lattin biyan tsohon bashi, sai su tsayar da sabo. Dubi madatsar Kandaji, wajen kilomita 180 daga Yamai ta wajen Tilaberi, wadda aka ce za ta ba da megawat 130 ta shayar da eka dubbai. Asusun Larabawa kusan duk suna cikin masu ba da rancenta, tare da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka. Tanja ya aza harsashi a 2008. An soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013. Na Sin ya karɓa a 2019, ya tsayar da aiki a Agustan 2023 da masu kuɗi suka ɗage hannu bayan juyin mulki. Yaron da aka haifa ranar aza harsashin yau ya isa riƙe maka rumfa.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Direban kamiyo ne ni, ina ɗaukar albasa daga Galmi, wani lokaci in hau har Agadas da Asamaka. A tasha ana cewa Maroko za ta ba mu hanyar teku, Aljeriya kuma za ta ja bututun gas ta ƙasarmu. Amma da idona na ga ƴan'uwanmu da Aljeriya ta zubar a hamada. Cikin biyun wace ce ke sonmu tsakani da Allah?
Direba, tashar Tawa

AMSA: Direba, Allah ya kiyaye hanya. Ƙasa buƙata gare ta, ba soyayya ba. Waɗannan biyun kuma ba sa ga maciji: iyakarsu a rufe take tun 1994, a 2021 suka yanke hulɗa ɗungurungum, tushen rigimar kuwa Yammacin Sahara. Duk wadda ta miƙo mana hannu, ido ɗaya na kanmu, ɗaya na kan ƴar'uwarta.

Aljeriya maƙwabciya ce, iyakar da ke tsakaninmu ta haura kilomita 900, ba yadda za mu yi da juna. Dokarsu ta yarda da cinikin musaya a kudancinsu: su ba da dabino da gishiri da kayan roba, mu kai dabbobi da lalle da kayan yaji. Don haka ake cin kasuwar Asihar a Tamanrasat. Ban da wanda ke biyo ta bayan gida, madarar Lahda da makaroni da mai, waɗanda gwamnatinsu ta sauƙaƙa wa talakawanta farashi amma suke ciyar da Arlit da Agadas har Cintabaradan. A 2013 ta bayyana yafe bashin da take bin ƙasashen Afirka 14, muna ciki. A 2023, lokacin da ake maganar kawo mana yaƙi, ta fito fili ta ce ba ta yarda ba.

Ita ce kuma ke sauke mutane a wurin nan da ake kira Point Zéro, su tako kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Abin da ba a cika faɗa a tasha ba shi ne, a 2014 gwamnatinmu da kanta ta amince a riƙa maido da ƴan Nijar, galibi mata da yaran yankin Kance masu zuwa bara, bayan mutum 92 sun mutu da ƙishirwa a hanyar a 2013. Yarjejeniyar ba ta ce a jibge mana ƴan Gini da ƴan Mali a hamada ba. A nan ne jakadunmu ya kamata su riƙa ɗaga murya, kowace gwamnati ce ke ci.

Bututun gas kuwa, daga Najeriya ya ratsa mu zuwa Aljeriya, fiye da kilomita 4,000, tun farkon shekarun 2000 ake sa masa hannu. An sa a 2009, an sa a 2022, an sake sawa a Fabrairun 2025. Wata biyu bayan wannan, aka janye jakadu tsakaninmu da Aljeriya saboda jirgin Mali maras matuƙi da Aljeriya ta harbo a Tinzawatan. In an gina shi za mu ci kuɗin ratsawa, ina fata kuma mu nemi a buɗe mana baki ɗaya a Agadas don wutar lantarki. Amma kada ka sayi sabuwar taya da kuɗinsa tukuna.

Maroko ba ta da iyaka da mu, ta banki da waya take shigowa. Layin Moov da ke aljihunka na Maroc Telecom ne tun 2015, ita kuma Maroc Telecom mafi yawan hannun jarinta na kamfanin Daular Larabawa ne. Bank of Africa, BIA, Banque Atlantique, duk uwayensu na Kasabalanka. A Disamban 2024 aka buɗe tashar lantarki a Yamai, kyautar Sarki Muhammad na Shida. Shi ne kuma a Nuwamban 2023 ya yi tayin buɗe wa ƙasashen Sahel hanyar Atlantika, ana nufin tashar jiragen ruwa da ake ginawa a Dakhla. To Dakhla cikin yankin da ake rigima a kai take, don haka duk kwantenar da ta bi ta can kamar ƙuri'a ce aka jefa wa Maroko. Sannan ka fi ni sanin kuɗin gazuwal: Yamai zuwa Kwatano wajen kilomita 1,000 ne, zuwa Dakhla ya haura 3,000, ta Mali da Muritaniya. Albasar Galmi ba za ta kai da rai ba.

Ra'ayina, mu karɓi tashar lantarkin wannan, mu bi hanyar waccan, kada mu sa baki a faɗansu. A 2017 da Saudiyya da ƙawayenta suka juya wa Katar baya, mun janye jakadanmu daga Doha don nuna goyon baya. A Janairun 2021 suka rungumi juna a Al-Ula, ba wanda ya aiko mana da goron sulhu.

TAMBAYA: Malam, ƙanena yana haƙar zinariya a Cibarakatan. Ya ce duk abin da suka haƙo Dubai yake tafiya. Ni maƙerin zinariya ne a Yamai, amma sarƙar da mata suka fi so ƴar Dubai ce. Me ƙasa ke samu?
Maƙeri, Yamai

AMSA: Kaɗan, maigida, kaɗan ƙwarai. Tun da aka gano zinariyar Jado da ta Cibarakatan a 2014, hanyarta ɗaya ce: daga rami zuwa Agadas ko Arlit, daga nan Yamai ko wata iyaka, sai jakar hannu a jirgin Dubai. Ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar Swissaid ta fitar da bincike a 2024 da ya ce aƙalla tan 435 na zinariya aka fitar daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022, mafi yawanta Daular Larabawa ta nufa. In ka ɗora abin da Dubai ta rubuta ya shigo mata daga ƙasashenmu kan abin da duwan ɗinmu suka rubuta ya fita, sai ka riƙe baki. A can ake tace ta, a can ake ƙera ta, ta dawo wuyan amaryar unguwarku da farashi ninki. Kuɗin da aka samu ma ba sefa suke dawowa ba, wayoyi ne da motoci da abaya da turare.

Ban ga laifin mai saye ba, ya samu araha. Abin da ke ba ni takaici shi ne wanda ya kamata mu sayar musu ba mu iya kaiwa. Duk shekara Saudiyya na sayen tumaki da awaki miliyoyi, musamman lokacin aikin Hajji, daga Somaliya da Sudan, ta Barbara da Port Sudan. Mu ga balami da uda cike da kasuwar Abalak da Badagishiri. Ba mu da teku, gaskiya ne, amma nama a jirgin sama yake tafiya in akwai mahauta mai ɗakin sanyi da takardar likitan dabbobi da suka yarda da ita. Da ni ke zaune gaban Asusun Saudiyya yau, rancen wannan zan nema kafin na kowane sabon ginin ofis.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a Jami'ar Musulunci. Me ya hana Nijar shiga ƙungiyar ƙasashen Larabawa, alhali Somaliya da Komoro suna ciki?
Ɗaliba, Yamai

AMSA: Ƴata, ƙasashe 22 ne a ƙungiyar, 10 a Afirka suke, kuma kowacce ta sa Larabci cikin harsunan mulkinta. Muna da Larabawa ƴan ƙasa a Tasara da Tasker da Difa, amma ba su mai da mu ƙasar Larabawa ba. Shigar ma asara ce ta wani gefen, domin BADEA ƙasashen Afirka da ba sa cikin ƙungiyar kaɗai yake ba rance. Kujerarmu tana Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, da mu aka kafa ta a Rabat a 1969, ɗan ƙasarmu Hamid Algabid ya riƙe sakatariyarta daga 1989 zuwa 1996. Jami'arku ma ƴarta ce: a taron Lahor na 1974 aka yanke shawarar gina ta, ta buɗe a Sayi a 1986.

Ga abin da ba ki tambaya ba. Na sha zama teburin tattaunawa da Larabawa, mu muna Faransanci, tafinta na juyawa, su suna shawara a tsakaninsu da Larabci a gabanmu, ba mai ji a cikinmu. A waje kuwa ga masu digirin Sayi da Azhar da Madina suna neman ajin koyarwa. In kin gama, ki ɗora da ilimin shari'ar kwangila ko na tattalin arziki.

TAMBAYA: Alhaji, wata mata ta zo ta ce za ta kai ƴata aikin gida Saudiyya. Ta ce da bizar Umra za ta shiga, in ta isa a sama mata gida, a riƙa cire kuɗin jirgi daga albashinta. Mahaifinta ya rasu, ina da ƙanana huɗu. Tunda ƙasar Musulunci ce kuma muna zaman lafiya da su, akwai matsala?
Uwar marayu, Yamai

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari. Akwai matsala, babba ma. Kada ki yarda da wannan tsari.

Bizar Umra ba ta aiki ba ce. Ranar da wa'adinta ya cika, ƴarki ta zama mai laifi a dokarsu. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta iya kai ƙara in an hana ta albashi, ko asibiti tana tsoron zuwa. In an kama ta, sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a ɗauki zanen yatsunta, a koro ta, a hana ta komawa shekaru. Bashin kuɗin jirgin nan kuwa shi ne igiyar da za a ɗaure ta da ita, don matar ce kaɗai ta san adadinsa.

Ko wadda ta shiga ta halal tana ƙarƙashin kafili, wato maigidan da sunansa ke kan takardarta. Gyaran da Saudiyya ta yi wa dokar ƙwadago a Maris na 2021, wanda ya sauƙaƙa wa ma'aikata sauya wurin aiki, bai haɗa da masu aikin gida ba. Akwai gidajen kirki, na san matan da suka gina ɗaki suka aurar da ƙannensu da wannan aiki. Akwai kuma inda ake karɓe fasfo da waya tun ranar farko. Zaman lafiyar da ke tsakanin gwamnatoci bai shiga kicin ɗin kowa ba. Filifin da Indonesiya sun sha dakatar da tura matansu har sai an zauna an sa mafi ƙarancin albashi da ranar hutu a rubuce. Ƙasashenmu na Afirka sun makara a wannan ciniki, shi ya sa dillalai suka juyo wajenmu.

In har tafiyar ta zama dole, to ga sharuɗɗa. Biza ta aiki ce, ba ta Umra ko ta ziyara ba. Kwangila a rubuce, mai rajista a tsarinsu na Musaned, da sunan maigida da garinsa da albashi. Ki kai takardar wa wanda ya iya Larabci, ba wanda matar ta kawo ba, ya karanta miki kalma kalma. A dokarsu maigida ne ke biyan kuɗin ɗauko ƴar aiki, don haka duk wanda ya ce a cire daga albashi, ki tambaye shi dalili. Ki je hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, ki bincika ko kamfanin da matar ke wa aiki yana da izini. Ki ajiye hoton fasfo da na kwangila a gida. Ita kuma ta haddace lambar ofishin jakadancinmu na Riyad da ƙaramin ofishin Jidda, haddar ka, ba a waya kaɗai ba. In matar ta ji waɗannan ta fara cewa ba ki yarda da ita ba ne, ko ta ce jirgi jibi ne ba lokaci, ki ce ta ba ki mako biyu, kuma kada fasfon yarinyar ya bar hannunki kafin nan.